Tsiron Dawa, Tsami Da Maye: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram

 Maganar da za a yi yau magana ce wadda mutanen kirki ba su cika son ɗaga murya a kanta ba, watau maganar giya da dafa ta a gida. Amma wanda aka ɗora wa riƙon ƙasa ba shi da damar toshe kunnensa. Ran da aka kawo ƙarar wata mai kunu, aka ce kununta ya bugar da yara, ko aka ce mutum uku sun kwana suna amai bayan sun sha wani abu a wurin biki, ƙofar hakimi za a fara zuwa. In kuwa hakimi bai san inda kunu ya ƙare giya ta soma ba, lalle ɗayan biyu zai faru, ko a zalunci marar laifi, ko a bar mai cutar jama'a ya ci gaba da sana'arsa.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ran kasuwar Sara, ko ya tsaya shan inuwa a Babaldu, ya ji irin gardamar da a ke yi kan kunun zaƙi. Wannan ya ce na gero ya fi, wancan ya ce im ba na dawa ba ai ruwa ne. Wani yana son mai kauri wanda ya ji citta da kanumfari, wani kuwa sai ya ɗan yi tsami ya ke jin daɗinsa. A ƙauyukan da a ke dafa burukutu, mashaya ma irin wannan gardama su ke yi a gindin itace, da kalmomi iri ɗaya, watau zaƙi da tsami da kauri da kwana. Tsofaffinsu su kan raina ta ranar farko, su ce ta mata ce da baƙi, gama zaƙinta bai gama juyewa ba. Su kan yi musu kan jar dawa da fara, da kan wace mata ce hannunta ya fi kyau. Wanda ya saba da giyar kwalba ya ce burukutu tuwo ce, mai burukutu kuma ya ce ta kwalba ɗaci ce kawai da kumfa, ba ta riƙe ciki. Ba don sha'awa aka kawo wannan hira ba. An kawo ta ne don a lura da kalma ɗaya da ke cikinta, watau kwana, gama a kanta shari'ar duka ta ke juyawa.

Ga yadda a ke dafa ta, don a san abin da ido zai gani. A kan jiƙa dawa ta kwana cikin ruwa, sa'an nan a tsame a baza bisa tabarma a inuwa, a rufe da ganye, a riƙa yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar, sai ta tsira. Wannan shi ne tsiro. A shanya shi a rana ya bushe, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa cikin manyan tukwane. Waɗansu su kan ƙara garin rogo don ta yi auki. Sai a sauke a bari ya kwana ya yi tsami, a sake mayar da shi wuta a dafa sa'o'i masu yawa, abin da ya sa sana'ar ta ke cin itace ƙwarai. In ya huce, sai a zuba masa ragowar tsohuwar giya, ko a juye shi cikin tukunyar da ta saba, a rufe. Bayan kamar kwana biyu ya yi kumfa, ya tashi, ya zama burukutu. In an tace ta ta yi ruwa-ruwa, ita ce a ke kira fito. Aikin duka ya kan ci wajen mako guda.

Abin da ke faruwa cikin tukunyar ba sihiri ba ne, ko da ya ke mutanen da sun ɗauke shi haka. Ƙwayar dawa cike ta ke da sitaci, abincin da Allah ya ajiye wa ɗan tsiron da zai fito. Da ƙwaya ta ji ruwa ta soma tsira, sai ta fid da wani sinadari mai narkar da sitacin nan ya koma sukari. Shi ya sa tsiro ya ke da zaƙi a baki. Daga nan sai waɗansu ƙananan halittu iri biyu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su faɗa wa sukarin. Iri na farko su ke kawo tsami, su ne kuma ke mai da madara nono, su ke sa gasarar koko ta yi tsami. Waɗannan ba su sa maye. Iri na biyu shi ne yis, ɗan'uwan wanda masu burodi ke sa wa ƙullu. Shi in ya ci sukari sai ya raba shi kusan biyu daidai, rabi ya zama iskar nan mai kumfa ta fice, rabi ya zama ruwan maye. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar wa duniya, daga 1857, cewa rayayyun halittu ne ke wannan aiki. Ƙarfin burukutu ya kan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, watau kusan ɗaya da giyar kwalba. In ta wuce kwanakinta kuma, sai waɗansu halittu na uku su cinye mayen, ta koma ruwan tsami, ba mai saye.

To, a nan ne hankali ya kamata ya tsaya. Mai kunun zaƙi ita ma ta kan yi amfani da tsiro, na dawa ko na shinkafa, ko kuwa busasshen dankali, don kununta ya saki ya yi zaƙi. Sabo da haka ganin tsiro a shanye a tsakar gida ba shaida ba ce ta cewa ana dafa giya. Mai unguwar da ya ga tsiro ya ruga wurin dagaci ya yi gaggawa. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Mai kunu da safe ta ke damawa, kafin magariba ta sayar, abin da ya ragu a ba yara ko a zubar. Mai giya kuwa sau biyu ta ke dafawa, tana da manyan tukwane da ba a wanke cikinsu sarai, tana rufewa ta jira kumfa, kuma wari ba ya ɓuya ga maƙwabta.

Amma fa kunu ba shi da alkawari. Yis yana ko'ina, a jikin hatsi, cikin iska, cikin tsagar tsohuwar ƙwarya. A watannin bazara, lokacin da zafi ke kai wa matuƙa a ƙasar nan, kunun da aka ɗura cikin jarka ko gorar roba aka toshe ya kan soma juyawa cikin yini da kwana ɗaya. Alamarsa, gora ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki, kunun ya riƙa cizon harshe. Kunun aya ya fi kowanne saurin lalacewa. Zoɓon da aka cika wa sukari shi ma haka. Matar da ta sayar da irin wannan ba mai giya ba ce, mai ganganci ce ko mai tsoron hasara, maganinta kuwa gargaɗi da koyarwa.

Malaman fiƙihu sun riga kowa lura da wannan. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ke bi, ba sunan abin sha a ke dubawa ba, ko abin da aka yi shi da shi, aikinsa ga hankali a ke dubawa. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da inabi aka yi shi, ko da dabino, ko da dawa. An halatta jiƙon dabino da na zabibi muddin bai tashi ba, an kuma ruwaito cewa a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a barin irin wannan jiƙo ya wuce kwana uku. Wani abin lura, littattafan fiƙihu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid sun kawo hani ga yin jiƙo cikin duma, sabo da saurin tashinsa a ciki. Abin da madubin likita ya nuna daga baya game da tsagar ƙwarya ke nan. Giyar da ta koma ruwan tsami da kanta kuwa, malamai sun ce ta tsarkaka.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta daɗe tana bakin iyaka, shi ya sa maganar ta fi shafarta bisa ga ƙasashen da ke arewa da ita. Mutane sun zauna cikin duwatsun nan tun zamanin da ba a rubuta ba, ga zane-zanensu nan a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Kudu da nan akwai duwatsun Ningi da ƙasar Warji, mazaunin Warjawa da Butawa da Fa'awa, waɗanda a ƙarni na 19 suka daɗe suna fafatawa da Kano, garuruwan nan kuwa su ne garkuwa. Ga mutanen da ke bin addinin gargajiya a wancan zamani, da su da Maguzawan ƙasar Kano, giya ba abin shagala kaɗai ba ce. Da ita a ke sallamar 'yan gayya bayan an tashi daga gona, da ita a ke biki da makoki, da ita a ke zuba wa iskoki. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya rubuta al'adunsu. Yau jikokin mutanen nan da yawa sun musulunta, waɗansu sun shiga addinin Kirista, dafa giya ya ragu ƙwarai. Amma kasuwa ɗaya a ke ci da mutanen Jihar Bauchi, ana auratayya, babur kuma ba ya tambayar inda iyaka ta ke.

Doka ma ta sha juyi. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burasels, babban birnin Beljiyam, suka yarda kada a shigar da barasa cikin ƙasashen Afirka da ba su saba da ita ba. Sabo da haka da Turawa suka ci Arewa, sai suka hana shigo da ita ƙasashen sarakunan Musulmi, dokar giya ta 1917 kuma ta raba Nijeriya kashi-kashi, inda aka hana sam, da inda a ke sayarwa da lasin. Giyar gargajiya kuwa aka bar wa waɗanda ba Musulmi ba a ƙasashensu. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa hukunci kan Musulmin da ya sha. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Birnin Kudu da Gwaram suka kasance cikin Masarautar Dutse. A 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka hana sayar da giya, Hisba kuma ta sha kama ta tana fasawa a bainar jama'a. Haddin mashayi a Malikiyya bulala 80 ne, amma Musulmi ya hau, kuma alƙali ne kaɗai ke yanke shi bayan shaida ta tabbata.

Giyar kwalba labarinta gajere ne. Kamfanin Nigerian Breweries ya fid da kwalbar Star ta farko a Ikko a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Da tsiron sha'ir a ke yinta, ɗacinta kuwa daga furen wani tsiro mai yaɗo ne na ƙasashen sanyi. A 1988 Gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma kan dawar ƙasa, har da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Tun daga nan dawa ta sami masu saye da manyan motoci. Wani manomi ya kan damu da inda buhunsa zai ƙare, wannan tambaya ce ta malamai, amma a sani ba duk dawar da kamfani ya saya ke zama giya ba. Da tsiro a ke yin ruwan molt irin su Maltina, wadda ta fito a 1976, sai dai ba a bari yis ya taɓa shi, don haka ba ya bugarwa. Abin da ya fi shafar hakimi shi ne rumbu. Magidancin da kyawun kuɗi ya ruɗe shi ya kwashe dawarsa da kaka, shi ne zai zo neman rance da damina ta tsaya. Haka kuma gidan da a ke dafa giya, rabin sukarin hatsinsa iska ce ke tafiya da shi.

Sai maganar da ta fi duka nauyi, watau maganar rai. Burukutu tana da nata sharri, na faɗa da sakin aure da ciwon hanta da haɗarin hanya, wannan kowa ya sani. Amma mai kisa farat ɗaya ita ce barasar da a ke turarawa, wadda mutanen Kudu ke kira ogogoro, mutanen Jos kuma ke da irin tasu mai suna goskolo. A kan dafa abin da ya riga ya tashi, tururin ya bi ta bututu ya huce ya ɗiga, sai ƙarfinta ya ninka na burukutu sau da yawa. Mugun abin shi ne marasa tsoron Allah su kan gauraya ta da sinadarin masana'antu mai suna metanol, don ya fi araha. A ido da hanci ba a rarrabe su. Wanda ya sha ya kan wuni lafiya lau, sai bayan sa'a 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, ganinsa ya dushe kamar mai duba cikin hazo, numfashi ya yi sama-sama. Wanda ya tsira yana iya makancewa har abada. A 2015 irin wannan ta kashe mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo, bayan 'yan watanni ta kashe gommai a Jihar Ribas. A Ondo da fari an ce fushin abin bauta ne, kafin likitoci su gano gaskiya. A ƙasa irin wannan, inda shan giya abin kunya ne kuma laifi, hatsarin ya fi girma, gama dangi za su ɓoye, su ce iska ce ko sammu, har lokacin ceto ya wuce. Akwai magani in an kai mutum da wuri, ga kuma Asibitin Tarayya nan cikin garin Birnin Kudu. A fara kai marar lafiya, maganar laifi ta biyo baya.

Kada kuwa a zaci abin sha na halal ba ya kisa. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, waɗansu suka rasu, bayan sun sha lemon gida da aka haɗa da garin kanti wanda ya lalace, da wani farin gari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami. A wannan shekarar dai kwalara ta ratsa ƙasa, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ruwan da a ke surka kunu da zoɓo da shi kuwa, da ƙanƙarar da a ke jefawa, hanya ce buɗaɗɗiya ga wannan cuta. Akwai kuma hatsin da ya yi fumfuna a rumbu. Mata su kan ƙi yin tuwo da shi, su ce bari a yi kunu ko tsiro kada a yi hasara. Fumfunar nan tana ɗauke da dafi mai cin hanta wanda tafasa ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya a 2004 masara mai irin wannan dafi ta kashe mutum 125.

Ikon hakimi ba kamar na da ba ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Kama mutum aikin 'yan sanda ne, hukunci na alƙali, gwajin abin sha na Hukumar NAFDAC da ma'aikatan lafiya. Abin da ya rage a hannun hakimi shi ne sanin ƙasa da jin maganarsa, waɗannan kuwa ba wata hukuma da ta fi shi. In ƙara ta zo, ya aika wakili mai hankali tare da duba-gari, ba taron samari ba. Kada ya yarda a fasa tukunyar kowa ko a ƙone rumfa kafin hukuma ta zo, balle in gidan na wanda ba Musulmi ba ne, gama ƙaramar tukunya ta kan jawo wutar da za ta ci unguwa. In ta tabbata sana'a ce, a miƙa ga hukuma. Sau da yawa kuwa za a tarar gwauruwa ce mai marayu, wadda in aka fasa tukwanen ba a nuna mata wata hanyar abinci ba, bayan wata biyu za ta sayi sababbi. Hannun da ya iya tsiro ya iya kunun zaƙi, ya iya ƙuli-ƙuli da daddawa.

Malamin hakimi kuma, rubutunsa shi ne idon waɗanda ba su zo ba. Rahoton da ya ce an sha wani abu an yi rashin lafiya bai amfani kowa ba. Ya rubuta ranar da sa'ar da aka sha, da sa'ar da ciwo ya fara, da adadin waɗanda suka sha da waɗanda suka kwanta, da ko akwai mai kukan idonsa. Ya rubuta ko a ƙwarya aka sha, ko a gora, ko a 'yar leda ta kanti, da kasuwar da aka sayo garin da aka haɗa, da rijiyar da aka ɗebo ruwa. Abin da ya gani ya rubuta an gani, abin da aka gaya masa ya rubuta an ce. Ragowar abin shan kuma kada a zubar don tsoro ko ƙyama. A toshe shi cikin kwalba mai tsabta, a manna takarda mai kwanan wata da sunan ƙauye, a ba ma'aikacin lafiya hannu da hannu, a aika kofen rahoton ga ƙaramar hukuma da fadar Mai Martaba Sarkin Dutse a ranar, kada a jira ƙarshen wata.